Lofe Biyu a Teburin Firmin

"Ba iri ɗaya ba ne," in ji Firmin. "Ko da ido a rufe zan gaya miki."

Matar ta sake duban lofen nan biyu da ke kan teburinsa. Ni ma na duba, ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon miya a hannu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina goge lofe a masana'antar bakin kogi kafin a rufe ta, amma daga inda nake tagwaye na gani: tukunya mai tumbi, wuya a lanƙwashe, itace ja mai duhu. Sai dai ɗaya sabo ne fil, ɗayan kuma ya sha hannu, baƙin bututunsa da ake riƙewa a baki ya karye gida biyu.

"Baba Firmin, mai shagon ya rantse mini samfurinsu ɗaya," ta ce.

"Mai shago! A nan Saint-Claude?"

"A Oyonnax."

"Ai shi ke nan."

Sunanta Maryse. Mahaifinta, Lucien, yana gidan kula da tsofaffi. Ya manta sunanta, ya manta matarsa ta rasu, amma bai manta lofensa ba. Ya daɗe da daina kunna shi, riƙewa kawai yake yi a baki tun safe har a kwantar da shi. Mako uku da suka wuce ya suɓuce masa, keken guragu ya bi ta kai. Tun ranar ya rufe baki ga abinci. Da ta kai masa sabon, ya sa a baki, ya tofar, ya jefi bango da shi, ya fashe da kuka.

Firmin ya sa ta ɗaga su biyun saitin taga, don nasa hannun ba ya tsayawa wuri ɗaya.

"Dubi na babanki. Tun daga gindin tukunya wuyan yake miƙewa sama, kamar na agwagwa. In ya sa shi a baki, tukunyar kwanciya take a haɓarsa, haƙori ba ya aikin komai. Naki kuwa sai da ya yi gaba kaɗan sannan ya lanƙwashe. Ja yake yi, sai an cije shi. Haƙora nawa suka rage masa?"

"Shida ko bakwai."

"To kin gani."

Ta ce ko za a cire bututun sabon a sa wa tsohon. Ya bar ta ta gwada. Ya shiga yana lilo a ramin, da ta juya shi ya faɗo a cinyarta. Sai ta zauna tana kallonsa, kamar wadda mota ta tafi ta bari.

"Sai an sassaƙa masa nasa," in ji Firmin. "Ki dawo Asabar da safe."

Na jira har ƙarar takalminta ta ɓace a matakala.

"Asabar ta wace shekara?" na ce. "Jibi Laraba gado yana jiranka a asibiti. Ko likita da bango ya yi magana?"

"Gado ba ya gudu."

"Dubi ƙafarka. Rabonka da takalmi tun watan jiya. Da wane hannu za ka riƙe magagari?"

"Da naki, Huguette."

"Ni mai gogewa ce."

"Na sani. Shi ya sa zan tsaya a kanki."

Shekara arba'in bango ɗaya ne tsakanin gidana da nasa. Mijina ya riga matarsa tafiya da shekara biyu. Tun da zuciyarsa ta fara ba shi wahala ni ce mai hawo masa da abinci, matakala goma sha tara, da gwiwar da ita ma take neman mai kula da ita. Ba zan ɓoye ba, na gaji. Na ƙosa Laraba ta yi, in kwana biyu ban ji tarinsa ta bango ba. Na kuma ji kunyar ƙosawar. Wataƙila kunyar ce ta sa washegari na ɗaura tsohuwar rigar aikina na hau.

Ya sa na jawo aljihun tebur na uku, inda yake ajiye sandunan baƙar roba mai tauri. Shekara biyu ba a buɗe shi ba. Ya shinshina guda huɗu kafin ya zaɓi ɗaya. Aikin farko shi ne harshen da ke shiga ramin wuyan lofen. Ina gogawa yana ƙirgawa.

"Uku. Tsaya. Gwada."

"Bai shiga ba."

"Biyu. A hankali, ba karas kike kankarewa ba."

Da la'asar na goge shi ya wuce kima. Harshen ya shige sululu ba tare da ya kama ba. Firmin ya rufe ido ya daɗe, ina jin numfashinsa kamar ana hura ruwa da tsinke.

"Shekara talatin a masana'anta," ya ce, "me suka koya miki?"

"Sun koya mini in yi shiru in tsoho yana surutu."

"Ɗauko wata sandar."

Ranar Laraba likita ya hawo da kansa. Ya danna ƙafar Firmin da yatsa, wurin ya loɓa bai dawo ba. Ya ce masa ruwa yana taruwa a huhunsa, kowace rana a kujerar nan daga cikin kwanakinsa ake cirewa.

"Nawa suka rage, in na je yau?"

Likita ya shiga haɗa jakarsa.

"To ku zo Asabar da yamma. Zan yi aski in jira ku."

Ɗansa Thierry ya bugo mini waya daga Grenoble, ya ce in lallashe shi, ai yana jin maganata. Na ce masa ubansa bai taɓa jin maganar kowa ba, har ta uwarsa, Allah ya ji ƙanta. Ya ce zai zo ƙarshen mako mai zuwa, aiki ya yi masa yawa.

Harshe na biyu ya kama ranar Alhamis. Ya shiga da ɗan ƙara, ƙyas, kamar an rufe ƙaramin akwati. Firmin bai yaba ba. Cewa ya yi in yanko masa cuku, ya ci loma biyu, abin da rabonsa da yi tun Lahadi. Sauran yinin na yi shi ina sirantar da bakin bututun, muna auna shi da karyayyen. Kafaɗata ta riƙe, baƙar ƙura ta cika mini farce da hanci. Sau biyu na ɗago na tarar ya yi barci, haɓa a ƙirji, na tsaya ina kallon rigarsa har sai na ga ta motsa.

Juma'a ce ranar lanƙwasawa. Na zura siririyar waya a cikin bututun don kada ramin ya toshe, na riƙa juya shi a saman fitilar har robar ta yi laushi tana wari. Ya sa na jingina tsohon, gida biyun a haɗe, a jikin gilashin taga. Ya rufe ido ɗaya.

"Danna. Ƙara. Ƙara kaɗan. Ruwa!"

Na tsoma a ruwan sanyi. Ya karɓa ya duba, ya girgiza kai. Muka sake. A karo na uku ya sa lofen a bakinsa, ya saki hannu, ya kaɗa kai hagu da dama. Tukunyar ta kwanta a haɓarsa ba ta motsa ba.

"An gama?" na ce.

"Miƙo mini ƙaramin magagarin."

"Firmin, ya yi kyau haka. Za ka ɓata mini aikin kwana huɗu."

Ya nuna mini karyayyen da farce. A ƙasan bakinsa, ta gefen dama, akwai ɗan rami da haƙori ya ci shekara da shekaru.

"Haƙorinsa zai nemi wurinsa. In bai samu ba, bango zai sake sha."

Wannan bai yarda na taɓa ba. Ya dafe gwiwar hannu a tebur, ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu. Yana goga ɗaya, ya huta, ya yi numfashi biyar. Ramin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ci masa awa guda. Da ya gama gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ni na goge bututun har ya yi sheƙi. Nan dai bai samu abin kushewa ba.

Maryse ta zo Asabar da ƙarfe tara. Ta riƙe lofen da hannu biyu, ta fara godiya, ya katse ta.

"Kada ki ce masa sabo ne. Ki ajiye masa a inda ya saba samunsa, ki fita."

Da yamma maza biyu daga asibiti suka sauko da Firmin a kujera. Ya yi askin, ya yanke kansa wuri uku. Duk tsawon matakalar yana yi musu faɗa kada su goge masa bango.

Ranar Lahadi da azahar Maryse ta bugo. Na hau bas na kai masa labarin. Na same shi da abin numfashi a fuska, ya ƙanƙance a cikin farin zanen gado. Na gaya masa Lucien ya ɗauka, ya sa a baki, ya tura shi dama da harshe, ya natsu. Da rana ya sha rabin kwanon miya, ana ba shi yana cire lofen yana mayarwa.

Firmin ya ɗaga abin numfashin da yatsa ɗaya.

"Ya ɗan karkata hagu," ya ce. "Sa'a kika ci bai lura ba."

Na zauna har ya yi barci, sannan na bi bas ɗin ƙarfe biyar.

Litinin da hantsi asibiti suka kira, suka ce Firmin ya cika. Ina wanke kofi lokacin. Na gama wankewa, na kife shi, na bugo wa Thierry, ya ce yana hanya. Daga nan ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na ja kujera bakin taga na zauna.

Wajen sha ɗaya mai raba wasiƙu ta hawo layinmu a kan kekenta, tana haki. Ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa a ƙofar Firmin, ta duba cikin jakarta, ba ta sami komai nasa ba. Ta ɗago mini hannu, ta ci gaba da hawa.