Ruwan Jegon Atika

Ɗahiru mutumin kirki ne, amma a lamarin mata bai san gabas ba bare yamma. Daga Maigatari ya zo Kano neman abinci, ya samu aiki a wani kamfanin jima a Challawa, zamanin da injinan wurin ba sa hutawa. Ya kama ɗaki a Panshekara, ya ɗauko matarsa Atika. Iyayenta duka sun rasu, don haka da haihuwar fari ta zo, babu gidan da za ta tafi wanka.

Namiji ta haifa. Kwana huɗu ya yi a duniya, ran na biyar da hantsi ya koma. Maza suka kai shi, mata suka shigo suka ce Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye, kowa ya kama gabansa.

To a nan Ɗahiru ya tafka ta. A tunaninsa, tunda babu jariri babu jego. Itacen da ya tara don dafa ruwan wanka ya raba wa maƙwabta, ragon suna ya mayar wa mai shi, maganar yaron kuwa ya rufe ta ruf don kada ta tuna. Shi a ganinsa tausayi ne. Atika ta juya fuska bango. Ba kuka, ba magana, in ya kawo abinci ƙuda ke ci. Nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta. Kwana uku a haka tsoro ya kama shi, don ya ga alamar uwar ma hanyar ɗan za ta bi.

A bakin ƙofar kamfanin akwai wata dattijuwa mai waina, Hajjo, bakinta ba ya raga wa kowa. Ta ga Ɗahiru ya sayi waina ya zauna yana kallon wainar har ta huce.

"Ɗan nan, na ji abin da ya same ku. Wa ke yi wa yarinyar wanka?"

"Wane wanka kuma, Inna? Ai yaron ya koma."

Hajjo ta ajiye cokali. "Yaro ya koma. Jikin da ya haife shi fa, shi ma ya koma ne? Kai dai fata ka sani, ita ma sai ta matacciyar akuya. Kwatanta min gidan."

Daga baya ya ji labarinta. Jarirai huɗu ta binne, kuma tun daga nan ta ɗaukar wa kanta wannan aikin don Allah. Duk ma'aikacin da ya rasa jariri, matarsa ba ta da kowa a gari, daga Challawa har Sharaɗa, Hajjo za ta je, ba ta karɓar ko goro.

Washegari da sassafe sai ga ta da damin itace a ka, da garwa, da ganyen darbejiya. Ta tafasa ruwa, ta ɗaga Atika kamar ƙaramar yarinya ta yi mata wanka, ta gasa mata ƙirji, ta dama kunun kanwa. Da la'asar ta dawo ta sake. Masu aikin safe suka yi ta mitar ba sa samun waina a kan lokaci, ta ce su ci burodi, ba ya kisa. Zazzaɓi ya sauka, amma Atika tana nan shiru. Kurɓa biyu take yi wa kunun ta ture.

Ran kwana na takwas da fara zuwanta, Hajjo ta tare Ɗahiru a tsakar gida, ya dawo daga aiki ko warin jima bai wanke ba.

"Ka yi wa yaron nan huɗuba?"

"Na yi, Inna, ranar da aka haife shi."

"Uwarsa ta san sunan da ka raɗa masa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na bari ne sai ranar suna ta ji. Kun san ɗan fari da kunya. Kuma yanzu me za a yi da sunan?"

Hajjo ta yi ƙasa da murya. "Cikin nawa huɗu, biyu har yau ban san sunansu ba. Ubansu ya tafi kabari da su a bakinsa. In na ɗaga hannu zan yi addu'a, sai dai in ce wancan da wancan. Wata tara matarka ta ɗauki yaron nan, kowa kuma yana yi kamar ba a yi shi ba. Shiga ka gaya mata."

Ya shiga ya tsuguna a bakin gado, ga ta ta ba shi baya. 

"Atika, yaron nan yana da suna. Sunan mahaifinki na sa masa. Isyaku."

Sai ta juyo, idonta a kansa.

"Baffana?"

"Shi."

Kukan da ta riƙe kwana goma sha ɗaya ya ɓalle. Ɗahiru ya buɗe baki zai ce ta yi haƙuri, Hajjo ta ce daga waje, "Rabu da ita, fito."

Ya fito ya durƙusa gaban tsohuwar tana iza wuta. Yana so ya yi godiya, wallahi bai taɓa jin nauyin alherin wani mutum a kansa kamar na ranar ba, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, Allah ya biya ku." Ta ce amin, ta kuma ce ya matsa mata, hayaƙi na shiga idonta.

Suna nan labule ya motsa. Atika ce, da ƙafarta, tana dafa bango, fuska jiƙe. Ta dubi Hajjo kamar mai kawo albishir.

"Inna," ta ce, "ashe sunan Baffana ya ci."