Abin da Na Rage a Faranti

Ranar Asabar abin ya fara, ana yayyafi tun safe, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Satina uku ke nan da sauka a garin, can ƙasar waje. Ina zaune bakin katifa ina kallon ruwa yana gangarowa a jikin gilashin taga, Baffa kuma yana tsaye gaban risho yana dafa kabeji da kifi, babu mai, gishiri ɗan mitsitsi. Tun da na zo abin da muke ci ke nan.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Shekararsa goma sha huɗu a ƙasar, yana aiki a kamfanin da ke wanke zannuwan otal, shi ne a kan injin guga. Ni kuwa tun da na bar makaranta a aji uku na sakandare na taɓa gyaran waya, na taɓa tsaron shago, na taɓa tuƙin babur, babu inda na cika wata shida. Shi ya yi mini hanya, ya samo mini aikin tura amalanken zannuwa a wurinsu.

Yana da ciwon suga, kuma na sani. Ranar da zan taso, matarsa, wadda muke kira Inna, ta ja ni gefe ta ce, "Baffanka ba ya faɗa wa kowa ciwonsa. Likita ya ce in bai kiyaye bakinsa ba, daga ƙafa abin zai fara. Ka sa masa ido don Allah." Na ce to, hankalina yana kan jirgi.

"Baffa," na ce masa ran nan, "wai garin nan ba a sayar da abinci ne?"

"Sarkin Yawo, ƙafar ta fara ƙaiƙayi ke nan." Ko juyowa bai yi ba. "Ga ƙofa nan, ba a kulle take ba."

Na fita. A ƙarshen layinmu akwai wani gidan abinci mai tebur kamar goma. Na zauna, aka miƙo mini takardar abinci. Ko kalma ɗaya ban gane ba, sai hotuna. Na ɗora yatsa a kan ɗaya. Da aka kawo na duba dama da hagu, kowa ya sunkuya kan wayarsa, babu wanda zan ce wa bismilla. Ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba a rayuwata. Na bar rabi na tashi.

Asabar ta gaba na tasa Baffa a gaba da magiya.

"Kai ka ci ganyenka da kifinka. Ni dai in ɗaga kai in ga fuskar da na sani."

"Ɗan nan, ka fi ƙuda naci," ya ce, amma ya ɗauko rigar sanyinsa.

Ya yi wa mai kawo abincin magana da yarensu, ya tambayi irin naman, sannan ya nemi gasasshen kifi da ganye da ruwa. Ya miƙo hannu zai karɓi takardata.

"Kawo in karanta maka."

"Bar shi, Baffa, ido ma karatu ne."

Kunya nake ji a ga ƙato kamata ana yi masa karatu a gaban mutane. Na nuna hoto biyu, don in ɗaya bai yi ba ɗaya ya yi. Aka kawo taliya cikin wata farar miya mai zaƙi-zaƙi, da soyayyen dankali tuli guda. Cokali biyu na yi wa taliyar na ture. Da matar ta zo kwashe kwanuka, Baffa ya dafe farantin.

"Ina za ta kai shi?"

"Bola mana."

Ya buɗe baki zai ce ta zuba mana a leda, na tare shi. "Haba Baffa! Mu fita da ƙunshi a hannu kamar waɗanda ba su taɓa ganin abinci ba?"

Ya dube ni, ya dubi taliyar. "Ni da ubanka a gidan da ake kankare tukunya muka tashi. Ba a zubar da abinci ina kallo." Ya jawo farantin gabansa ya cinye tas, har ya goge miyar da burodi.

Haka muka ɗora. Ni ba na iya komawa wuri ɗaya sau biyu, don haka kowace Asabar sabon gida. Mun je wani kusa da tashar jirgin ƙasa mai jajayen kujeru, inda tebur ke rawa in jirgi ya wuce. Mun je wani a ƙarƙashin bene, tagarsa daidai da titi, ƙafafun mutane kawai kake gani. Mun je na wani tsoho da ke ƙwala lambar tebur kamar ana faɗa. Ko'ina Baffa kifi da ganye yake nema, ko'ina ni kuma in nuna hoto biyu ko uku, in ɗanɗana, in ture. Shinkafa ce, burodi ne, lemon kwalba ne da na sha rabi, duk gabansa suke ƙarewa.

Kuma a wuraren nan ne na fara jin dariyar Baffa. A ɗaki ba ya magana, daga salla sai rediyo. A kan tebur kuwa sai ya saki jiki, ya ba ni labarin yadda mahaifina ya taɓa faɗawa rijiya garin bin zabuwa, ya kwaikwayi tafiyar oganmu har in ƙware. Wata rana ya ce mini shekara goma sha huɗu yana wuce gidajen nan, bai taɓa zama a ko ɗaya ba. Na ji daɗin maganar, na ɗauka alheri nake yi masa.

Duk Lahadi da rana Inna takan kira. In sun gama sai ta ce a ba ni.

"Yana kiyayewa kuwa?"

"Kifi da ganye yake saye, Inna, a gabana."

Ban yi mata ƙarya ba, sauran ne ban faɗa ba.

Cikin wata na uku na lura yana shanye ruwan tebur shi kaɗai ya nemi ƙari, ya tashi ban ɗaki sau uku kafin mu fita. A wurin aiki, in na turo amalanke ta gefensa, sai in tarar ya jingina da injin ya ɗage ƙafar hagu. Takalmin aiki mai ƙarfe a baki ya goge masa ɗan yatsa, wurin ya ƙi kamewa.

Wata Asabar da azahar na ga yana ɓamɓare safa daga jikin ciwon, yana cije leɓe. Wurin ya yi duhu.

"Baffa, wannan fa?"

"Takalmi ne. Zai warke."

"Ko mu zauna yau?"

Na faɗi haka ne ina tsaye bakin ƙofa, na riga na sa rigar sanyi, makulli a hannuna. Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi ɗan murmushi.

"Ka zauna? Kai? Ai sai bangon ɗakin nan ya tsage." Ya cusa ƙafar a takalmi.

Tafiyar minti goma ta ɗauke mu rabin awa. Gidan da muka shiga sabo ne, ga fitilu, ga madubi ko'ina. Bayan shinkafar da na rage, na hango hoton wani kek na nuna. Aka kawo yanki kamar bulo, zuma tana zuba ta gefe. Na ci saman, zaƙin ya hau mini kai, na ture. Na ga hannun Baffa ya taho. Ina iya janye farantin, ina iya daurewa in cinye abina, ina iya kiran matar ta kawo leda. Na san duk wannan a lokacin. Sai na zaro waya na hau duba inda za mu je sati mai zuwa.

Ranar Talata da hantsi, ina fitowa daga ɗakin busarwa da amalanke, na tarar an kashe injin guga, mutane sun yi da'ira. Baffa yana zaune a ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga, yana rawar ɗari. Oga ya kira motar asibiti.

A asibiti, da suka yanke safar da almakashi, warin ya sa na juya baya. Likitar ta daɗe tana magana, tana nuna ƙafar da biro. Ban ji komai ba sai da Baffa ya juyo.

"Ta ce za su ɗan rage."

"Su rage me?"

Likitar ta sake yin wata tambaya, wannan karon tana kallona.

"Me ta ce, Baffa?"

"Tana tambaya wa ke kula da abincina. Na ce ni ne."

"Baffa, ai ni..."

"Rufe mini baki. Da ƙarfi ka ɗura mini? Je ka samo mini ruwa."

Kafin a shiga da shi ya ce kada in gaya wa Inna sai ya fito. Ban iya ba. A barandar asibitin na kira ta na faɗa mata komai, har da farantan. 

"Wata uku," ta ce, "kana zaune kana kallonsa."

"E, Inna."

"To. Allah ya ba shi lafiya." Ta kashe.

Kwanansa goma sha tara a asibiti. Ya dawo ɗaki da sanda, ni nake dafa mana yanzu, shi yana daga kan gado yana gaya mini yawan gishirin. Bai taɓa tayar da maganar ba.

An cire masa yatsu uku a ƙafar hagu da wani sashe na tafin. Aikin guga na tsaye ne awa takwas, don haka sun ba wani. Tafiyar da ya shirya zuwa gida ƙarshen shekara, don ya ga jikarsa ta fari, likita ta hana. Inna kuma tun ranar ba ta sake cewa a ba ni waya ba.