Tausar Ɗan Kokawa a Shekarar Fari

Al'amarin, a taƙaice, shi ne kamar haka. A shekarar farin da aka rufe iyakar Najeriya, wani manomi mai suna Gazali, mutumin Attantane, ya samu ciwon baya a bakin aikin dako a Mayahi. An gabatar masa da tausa iri biyu, ya zaɓi ɗaya da bakinsa, cikin hankalinsa. Hukuma ba ta da laifi a ciki, domin ba wanda ya sanar da ita.

Gazali ya baro gona ne bayan shuka ta ƙone tun ba ta kai idon sawu ba. Da wata shekarar ce, da ya gangara kudu cin rani. Bana hanya a rufe take, sai ya ɗora ƴaƴansa a kan jaki, shi da matarsa Safi suka bi a ƙasa, suka sauka gidan gwaggonsa Tanna a Mayahi. Allah ya taimake shi ya shiga cikin masu sauke buhunan jar dawar taimako a mangaza, wato ma'ajiyar gwamnati. Ladan yini tiya guda ce ta dawa, kuma ita ce duk abin da gidan ke ci. Tsarin ɗaukar ma'aikata ba shi da wuyar fahimta: kowace safiya sarjan mai kula da mangazar yakan tsaya a bakin kamiyo, babbar motar kaya, kowa ya ɗaga buhu a gabansa. Wanda ya kasa, akwai layi a bayansa. Wanda ya yi fashi kuwa, ba a sake tuna fuskarsa.

Wata rana da la'asar, yana juyowa da buhu a kafaɗa, ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙugu. Ya kai buhun inda ake kai shi, domin sarjan yana kallo, sa'an nan ya dawo gida a duƙe.

Gwaggo Tanna tsohuwar unguwarzoma ce, hannunta ya san jikin mutane. Ta sa shi ya kwanta rub da ciki, ta bi bayan da yatsu a hankali, ta tsaya inda ya cije leɓe.

"Jijiya ce ta hau, ɗana, ƙashi lahiya lau," in ji ta. "Ruwan zahi da tsumma, da ɗan man kaɗe, sahe da marece. Ka kwanta har kasuwa ta kewayo, ka tashi kamar ba a yi ba."

"Har kasuwa, Gwaggo? Mi za a ci?"

"Ciwo ka kawo mini. Shi na sani."

Ta fara gasa masa wurin, tana dannawa da tafin hannu, tana ja zuwa ƙasa. Zafin ya ratsa shi, kafaɗunsa suka saki, har gyangyaɗi ya fara ɗaukarsa. Rabon da jikinsa ya ji irin wannan daɗi tun kafin damina ta yaudare su.

Ana cikin haka sai ga Dodo, taubashinsa, wanda wasa ya halatta tsakaninsu tun suna yara. Tsohon ɗan kokawa ne. A shekarun wadata shi ke gyara ƴan kokawa tsakanin karawa da karawa: ya kwantar da mutum, ya dogara taɓarya biyu a ƙasa, ya hau bayan da dugadugai har ya ba da ƙara, mutum ya miƙe ya koma fage.

"Taubashi, haihuwa ka yi ake maka ruwan zahi?" in ji Dodo. "Yaushe suna, in zo da goro?"

"Bar ni da abin da ke damuna, Dodo."

"Wannan ai shafa ce, ba tausa ba. Na taka bayan ƙarti daga Tasawa har Korgom, ba wanda ya kwana a tabarma. Ba ni kai yanzu, gobe da sahe kana gaban sarjan."

Gwaggo Tanna ba ta ɗaga kai ba. "Waɗancan da kaka ka taka su, sun ƙoshi da hura. Dubi bayan nan. Ina naman da zai tare ƙafarka?"

Gazali ya juya ya dubi matarsa. Safi tana zaune bakin murhu, tana kakkaɓe ƙwaryar da aka auno dawar yau, ko da sauran ƙwaya ta maƙale.

"Yadda ka gani, Baban Ramatu," in ji ta.

Ya gani. Ya ce a kawo taɓarya.

Yunwa ta rage Dodo, amma ba ta rage masa ƙashi ba. Ya yi bisimilla ya hau. Ya taka daga kafaɗa zuwa ƙasa, bayan ya ba da ƙarar da ya sani, ya yi murmushi. Ya matsa kan ƙugun ya saki nauyinsa, sai wata ƙara ta biyo, wadda bai taɓa ji a fage ba. Ya sauko a hankali, ya jingina taɓaren a bango.

"Yaya ka ji?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ciwon ya tahi," in ji Gazali.

Gaskiya ya faɗa. Ciwon ya tafi, ya tafi da ƙafar hagu. Gwaggo Tanna ta mintsini ɗan yatsan, Gazali yana kallon hannunta, bai ji kome ba.

Da safe aka kai shi likita a amalanke. Malamin jinya ya duba, ya ce aikin na Maradi ne, kuma motar ɗaukar marasa lafiya ba ta da isansi, wato fetur. Aka sayar da jaki aka tafi, aka dawo da sanda da shawarar haƙuri.

Gurbinsa a mangaza bai kwana ba kowa ba. Dodo ne ya ɗaga buhu a gaban sarjan, aka ɗauke shi. Kowane marece yakan raba tiyarsa biyu, ya aje rabi a ƙofar gidan Gwaggo Tanna, ya yi sallama daga waje, ya wuce. Gazali yana jin takunsa daga inda yake kwance, yana jira ko zai leƙo ya tsokane shi. Bai leƙo ba.

Abin da tausar ta ci shi ne: man kaɗe ɗan kaɗan, wanda ba a ƙarasa shafawa ba, jaki ɗaya, rabin tiyar dawa kullum daga kowane gida, ƙafa ɗaya, ta hagu, da wasan taubasantaka, wanda ba a sake yi ba.