Makokin Hajrudin a Suwaidi

Mirsada 'yar Bosniya ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Riyadh. Ƙofarta na kallon ta Bilƙisu, matar Nu'uman direba, a wani bene da ke unguwar Suwaidi. Da Larabci suke hira, kowacce da irin nata gurgun.

A goman ƙarshe na azumin 2015, Bilƙisu ta kai mata kunun gyaɗa, sai ta tarar da ita zaune a ƙasa, idanu sun kumbura.

"Subhanallahi! Maman Lamija, lafiya?"

Mirsada ta share hawaye. Ta ce tana yarinya sojojin Sabiyawa suka ci garinsu, Srebrenica. Suka loda mata a motoci, suka ware maza. Yayanta Hajrudin bai ko fara gemu ba, amma suka fizge shi daga hannun uwarsu. Musulmi dubbai aka kashe a kwanakin nan. Sai bana aka gane ƙasusuwansa a wani ramin da aka zuba gawawwaki.

"Ran Asabar za a yi masa sutura," in ji ta. "Ni kuwa ga tsohon ciki, likita ya hana ni hawa jirgi. Mijina ya tafi a madadina."

"To wa zai zauna da ke?"

"Wa nake da shi a nan?"

Bilƙisu ta koma ɗakinta ta ɗauki waya, ta shiga kiran matan Hausawa da ta sani a garin.

Ran Asabar da la'asar mata suka cika falon Mirsada, wasu daga unguwar Nasim, wasu daga ta Batha. Zouera, wata dattijuwa 'yar Maraɗi, ta riƙe hannunta.

"'Yata, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Bilƙisu ta fassara. Mirsada ta fashe da kuka. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa yi mata gaisuwar Hajrudin, don ba a ga gawa ba balle a ce ya rasu.

Suka raba izu, suka sauke Alƙur'ani. Da aka sha ruwa da ƙosai da waina, Zouera ta ce a ba su labarin mamacin. Mirsada ta ce mai son kiwon zuma ne, kullum fuskarsa a kumbure da harbi. Har aka yi dariya.

Lamija, 'yarta da ta tashi a Riyadh, ba ta taɓa jin wannan ba. Ta matso ta tambayi uwar, cikin yaren Bosniya da ba ta cika yi ba, ko ta yi kama da kawun.

"Goshinku ɗaya," in ji Mirsada.

Da mata suka miƙe tafiya, ta raka su har bakin bene tana maimaita Hausar da ta koya a ranar: "Na gode. Na gode."

"Haba, maƙwabciya," in ji Bilƙisu. "Koma ki zauna, ƙafarki ta kumbura."