Filastar Malam Sha'aban

Wayar Ikilima ta sake ƙara daidai lokacin da motar ke fita daga tashar Daura. Ta duba. Sukarin mahaifinta ya haura inda bai taɓa kaiwa ba.

Wata 'yar filasta ce aka liƙa wa Malam Sha'aban a dantse, cikin gwajin da asibitin da take aikin jinya ke yi wa masu ciwon sukari. A jikinta akwai wani abu da ake kira girafin, wanda kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce tak. Shi ke auna gumi, ya aiko da sakamako wayarta. Da kyar ta samo masa guda ɗaya, da kyar kuma ya yi wa likita alkawarin ba zai yi azumin bana ba. Malam kuwa, in ya kafe, gara ka lallashi turmi.

Har ta isa garinsu Sandamu bakinta bai daina addu'a ba. Amma tana shiga zaure sai ga shi zaune kan buzu yana karatu, leɓɓansa a bushe.

"Baba, azumi kake yi!"

"Wa ya gaya miki?"

Ta ɗaga hannun rigarsa. Babu filasta, sai shatinta.

"Abin nan naki ɗan tsegumi ne," in ji shi, har da murmushi. "Na liƙa wa uwarki. Ita lafiyarta ƙalau, sai ya riƙa kai miki labari mai daɗi, kowa ya huta."

Ikilima ta dubi wayarta: ashe sukarin uwarta ne. Ta wuce cikin gida.

Inna Kubura na durƙushe gaban murhu tana dama kunun buɗa-baki. Sai yau Ikilima ta dube ta da idon ma'aikaciyar jinya, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Wuyan Inna ya zube, zaninta ya yi mata yawa, babban yatsan ƙafarta na naɗe da tsumma. Ta kwance tsumman a hankali. Yatsan ya fara baƙi.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun kaka. Karan dawa ne ya soke ni. Zai warke."

"Ƙishirwa fa? Yawan fitsari?"

"Ke dai! Tsufa ne." Ta miƙo dantsenta. "Ɓare abin nan ki mayar wa Malam, shi ne mara lafiya."

Shekara da shekaru Inna ke dafa masa abincinsa daban, tana tuna masa lokacin shan magani. Ba wanda ya taɓa cewa ita ma a gwada ta, har 'yar da ta haifa, wadda gwaji ne aikinta.

Malam ya iso bakin madafa, murmushin ya ɓace. Ya daɗe yana kallon yatsan.

"Za a yanke?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba, Baba. Yanzu za mu tafi Daura."

Wayar ta sake ƙara. Ikilima ta danne gefen filastar da ya ɗago a dantsen mahaifiyarta, ta bar ta a wurin.

Inna ta dubi tukunya, ta dubi rana.

"To bari in sauke kunun tukuna," in ji ta. "Malam bai sa komai a bakinsa ba tun asuba."