Bula a Ganyen Kabeji

"Ajiye min ganyen nan, ka je ka wanke hannu."

"Inna, tambayarki nake. Daga ina kabejin nan ya fito?"

"Daga ƙasa. Kamar kowane kabeji."

Auta bai yi dariya ba. Yana tsaye a ƙofar kicin da rigar aiki a jikinsa, jaka rataye a kafaɗa, ganyen a hannunsa. Daga kwandon shara ya zaro shi. Gefe guda na ganyen ya rine da shuɗi, kuma ya san shuɗin nan. Shi ya dama shi da hannunsa jiya da safe.

Wata takwas ke nan yana aikin duba-gari a babbar kasuwa. Kullum idan motoci sun sauke kayan gwari, sai ya bi layi da bokiti da kofi. Duk kwandon da ya ga ruɓa a samansa, ya sheƙa masa ruwan bula, irin ta wanki, 'yan dako su kinkima su kai ramin da ke bayan kasuwa. Dokar ba ta da tsawo. Ba a tsince, ba a zaɓe. Kwando ɗaya, hukunci ɗaya. Abin da bula ta taɓa ya tashi daga abinci, ya zama shara.

Bai saba dawowa gida da rana ba. Biron da yake sa hannu da shi ne ya manta a aljihun wata rigar, ya ce bari ya leƙo ya ɗauka. Da ya shigo kicin neman ruwa, idonsa ya faɗa cikin kwandon.

Inna ta ci gaba da aikinta kamar babu kowa a kanta. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno, babban faranti a gabanta, kwano biyu a gefe, a hannunta tsohuwar wuƙar nan da aka ɗaure ƙotarta da waya. Ta ɗauki karas, ta matsa shi da babban yatsa, ta datse inda ya yi laushi, ta kai sauran hanci. Ya shiga kwanon dama. Ta ɗauki tattasai, ta tsaga, ta ga baƙi a ciki, ya tafi kwanon hagu gaba ɗayansa. Albasa mai tsiro ta raba ta biyu, ƙwallon gefe, koren tsiron gefe. Fasasshen tumatir tuni yana tafasa a tukunya.

Kabejin kuwa yana tsakiyar farantin. Ta ɓare masa ganye huɗu. Cikinsa fari tas, a dunƙule, babu tabo ko ɗaya.

Ya ce mata wannan shara ce. Ta ce sharar tana kwanon hagu, in yana so ya ɗauka ya kai rami. Ya ce akwai doka. Ta ce dokar ba ta taɓa riƙe wuƙa ba. Ya ce mutum zai iya mutuwa. A nan ne ta ɗago kai ta dube shi tun daga takalmi har wuya.

"Kai ga ka nan ai. Rigar ma ta soma yi maka kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun kana aji biyu a sakandare."

Ya jingina da bango. Ya yi lissafin shekarun a ransa, suka kama tara. Shekarar da mahaifinsu ya rasu ke nan. Ya tuna miyar da ake zuba musu a kan shinkafa, kullum cike da ganye da karas, har abokansa suna cewa gidansu Auta ba su san babu ba. Ya tuna kular da yake tafiya da ita ofis. Makon jiya Oga da kansa ya sa cokali a ciki, ya lumshe ido, ya ce a gaishe da mai hannun nan.

Ya tambaye ta wa ke kawowa. Ta ce wata baiwar Allah ce. Ya sake tambaya. Ta ce Mai Tsintsiya, tsohuwar da ke share layin 'yan gwari. Ta ce ba gidan nan kaɗai ba, gida bakwai ne a unguwar nan. Takan zo tsakanin azahar da la'asar, lokacin da mazan gidajen ba sa nan, ta juye wa kowa nasa, ta sha ruwa, ta wuce. Ba ta taɓa karɓar komai ba sai kwano ɗaya na abin da aka dafa, don ita ɗakinta babu murhu.

Auta ya ji jakar ta yi masa nauyi a kafaɗa.

Shekaranjiya ya zagaya bayan kasuwa, ya tarar da wata tsohuwa durƙushe a bakin rami, tana ɗaga ganye tana cusawa a buhu. Ya daka mata tsawa, ya ɗauke ta hoto da waya, ya zazzage buhun cikin ramin da ƙafarsa. Bai tsaya nan ba, ya tura wa Oga hoton nan take. Tsohuwar ba ta roƙe shi ba. Ta kakkaɓe zaninta, ta kalle shi, ta ce, "Ka girma." Ya ɗauka baƙar magana ce. Ya koma ofis ya rubuta rahoto shafi biyu. Oga ya ce ya sa hannu ya kawo yau ƙarfe huɗu, gobe a karɓe tsintsiyar a ba wani.

Rahoton yana cikin jakar. Sa hannu kawai ya rage.

Bai yi niyyar faɗa ba. Bakinsa ne ya riga shi. Ya faɗa mata duka, har da ƙafar da ya sa ya zazzage buhun.

Wuƙar ta tsaya a tsakiyar dankali.

"Da ƙafa?"

Ya dubi takalminsa.

Inna ta ajiye wuƙar a hankali. Ta ce shekaranjiya matar ta zo hannu wofi, ta ce motoci ne ba su iso ba. Jiya ta zo da wannan kabejin, ta zauna a inda yake tsaye ɗin nan, ta sha ruwa, har ta tambayi lafiyar Auta. Ko da wasa ba ta nuna wani abu ya faru ba. Inna ta faɗi wannan sau biyu, na biyun ba da shi take ba. Sannan ta ce matar nan ta goye shi ranar da aka fita da gawar mahaifinsa, yana da zazzaɓi, ƙato da shi, ƙafafunsa har suna jan ƙasa.

Ya ce ai bai san ta ba. Ta ce ina zai san ta, tunda mai shara ba a kallon fuskarta.

Tukunya ta soma tofar da ja a kan murhu. Babu wanda ya tashi ya rage wutar.

Can ya ce, ko ma dai mene ne, bula ba abin ci ba ce. Ta ce ta sani, shi ya sa duk inda ta taɓa ake yarwa, kuma ba ta wuce ganye uku ko huɗu, ba ta ratsa ɓawon dankali. Ta ce ba kamar kananzir ba. Kananzir in ya shiga kwando ya gama da shi har ƙasa, ko akuya ba ta kusanta. Ta ce mutumin da ya riƙe aikin kafin shi, da ya fito da zuba kananzir, shekara guda cur gidajen nan bakwai suka yi suna cin shinkafa da mai da gishiri.

Auta ya ɗago a hankali.

Da ya fara aikin, kananzir ya tarar ana zubawa. Sati biyu ya yi yana dawowa da warinsa. Wata rana Inna tana wanke masa riga ta ce, wannan abu ga masu suya kusa da ku, wata rana sai kun ƙona kasuwar. Ta ce me zai hana ku riƙa zuba bula, ga ta ana ganinta daga nesa, ga ba ta kama wuta. Ta faɗa ne tana murza wuyan rigar, ko kallonsa ba ta yi ba. Washegari ya kai wa Oga shawarar a matsayin tasa. Oga ya tara ma'aikata ya yaba masa a gabansu, ya ce ga yaro mai kai. Ranar har ya saya wa Inna lemo a hanya.

"Ke kika ce a sa bula."

"Ni na ce."

"Kin san abin da kike yi."

"Na san abin da nake dafawa."

Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan jarkar ruwa. Ashe kusan wata takwas yana yi wa gida bakwai alama. Duk kofin da ya sheƙa, nuna wa tsohuwar yake ga kwandon da za ta duba. Shi yana ganin hukunci yake yankewa. Ya dubi yatsunsa. Shuɗin ya zauna a gefen faratansa, sabulu ya daina fitar da shi tuntuni.

Ya ce mata in bai sa hannu ba, hoton yana wayar Oga, za a tambaye shi dalili. In ya sa, za a kira matar a tambaye ta inda take kai buhun. Inna ta ce wannan kada ya dame shi, wadda ta iya rufe bakinta a kicin ɗin nan ba za ta buɗe shi a ofis ba. Ta faɗa don ta kwantar masa da hankali ne ko don ta soke shi, bai gane ba. Maganar ta fi tsawa zafi.

Inna ta tashi ta rage wuta. Ta zuba albasa a mai, ta bi da karas, ta bi da dankali, kabejin ta bar shi sai ƙarshe. Ƙamshin ya cika kicin ɗin, ƙamshin da ya sani tun yana yaro. Abin da ya fi ba shi haushi, yunwa ya ji.

Ya duba agogo. Uku saura kwata. Ya ciro takardar ya shimfiɗa a gwiwa. Ga sunan aikin tsohuwar, ga lambar layinta, ga layin da aka ja masa a ƙasa. Biron yana ɗaki. Taku goma ne tsakaninsa da shi.

Aka yi sallama a tsakar gida.

Inna ta amsa da muryar da ba ta fita sosai ba. Aka ji jan silifa a kan siminti, sannan labulen kicin ya ɗaga. Tsohuwar ce, buhu a kanta, ruwan shuɗi ya ɗiga ya bi ta gefen kunnenta ya bushe. Ta ga rigar aikin. Ta ga takardar a gwiwarsa. Ba ta ja da baya ba, ba ta kuma shigo ba. Wuyanta yana rawa kaɗan saboda nauyin kayan.

Ta gaida Inna. Ta gaida shi, ta kira shi ranka ya daɗe. Sannan ta kai hannu ta riƙe bakin buhun, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"In sauke a nan, ko in mayar ramin?"