Maliki Ya Kai Ciwon Matarsa

A shekarun da ake zuwa Sinnar a bayan lori, ƙauyen su Maliki, can kudu da Mai Wurno, ɗakin magani ɗaya gare shi, na jan bulo, a inuwar darbejiya. Shafakana ake ce masa. Tun daga bakin hanyar ruwan gonakin auduga warin aidin yake tarbar mutum. Mai kula da shi Abdussalami ne, saurayi mai farar riga da ya koyo aikin a Madani.

Maliki manomin auduga ne, ƙato, ko zazzaɓi bai cika kayar da shi ba. Amma shekara biyu ke nan yana zuwa shafakana da ciwon ciki. Ciwon na matarsa Ma'u ne. Yakan zo mata da murɗa da gudawa mai jini da majina, ya yi wata biyu, ya lafa, ya dawo. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. A lokacin kuwa matar aure ba ta zama gaban wani namiji ta faɗi abin da ke fita daga cikinta. Sai ta zaunar da Maliki da safe ta karanta masa.

"Ka ce sau bakwai jiya. Ka ce gefen hagu."

"Hagunki ko haguna?"

"Malam, hagu ai hagu ce."

Ya hau jaki yana maimaitawa, ya isa ya dafe ciki, a ba shi ƙwayoyin atuni, ya kawo mata. Ba su taɓa yi mata aiki ba.

Wata Litinin bayan tsinkar auduga, Abdussalami ya ɗora shi a kan ma'auni, ya daɗe yana duban allurar.

"Baba Maliki, ciwon nan yana karɓar ka. Ka ƙara kilo uku."

"Kumburi ne."

"To." Ya buɗe babban littafinsa. "Wannan ba atuni ba ne, atuni yana jin magani. Ina zaton gyambo ne a hanji. Abin da ke ba ni mamaki, mutum goma sha ɗaya na rubuta masu irinsa, goma maza. Na aika wa likita a Sinnar cewa ciwon maza ne a yankinmu. Ya ce in turo masa wanda ya fi daɗewa. Ranar Alhamis zai duba ka."

"Ya duba ni ta ina?"

Abdussalami ya nuna da hannu biyu tsawon bututun da likita ke leƙa hanji da shi, ya faɗi inda ake sa shi.

Maliki bai hau jakin ba a hanyar gida, jan sa ya yi. Idan ya je, likita zai leƙa ya ga hanji lafiyayye, ya sallame shi, Ma'u ta ci gaba da ƙarewa. Idan ya faɗi gaskiya, baƙon namiji zai san cikin matarsa, kuma kafin la'asar zancen ya kai majalisar bakin masallaci.

Ya tarar da ita kwance a tabarma, ta kasa gama tankaɗe. Da ya ba ta labarin bututun, ta yi dariya har ta riƙe ciki, hawaye na zuba. Sannan ta share fuska.

"Na gaji, Malam," ta ce.

Bai ko sha ruwa ba ya koma. Abdussalami na wanke almakashi. Maliki ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula, ya mayar.

"Ciwon ba nawa ba ne. Na mai ɗakina ne."

Abdussalami ya ajiye almakashin a hankali. Ya jawo littafin, ya bi sunayen da yatsa.

"Audi fa? Ladan?"

"Ni nawa na sani. Amma Audi, ranar suna malmala uku ya ci a gabana."

Saurayin ya zauna, ya dafe goshi. Ya yage takardar zuwa wurin likita da ya rubuta wa Maliki, ya ɗauko sabuwa.

"Sunanta?"

Maliki bai taɓa faɗin sunan a gaban wani namiji ba. Ya dubi ƙasa.

"Asma'u."

Ranar Alhamis aka sa ta a gaban lori tare da Sabuwa ungozoma, wadda za ta shiga da ita wurin likita. Maliki ya hau baya, cikin buhunan dawa. Mutanen bakin masallaci suna kallo, ya ɗaga musu hannu. Da suka kusa Makwar, dab da Sinnar, rurin ruwan madatsa ya cika kunne, sai ya hango hannunta ta taga, siriri, tana nuna wa Sabuwa farin kumfa. Shekara goma sha huɗu da aurensu, ba ta taɓa ganin wurin ba. Ya buga rufin motar ya ce wa direba ya rage gudu.